Naƙudar da Raƙiya ta ɓoye

Allah ya jiƙan Raƙiya, ya sanyaya mata makwanci. Duk wanda ya san ƙauyenmu, can arewa da Barmu, ya san muryarta ko da bai san fuskarta ba. Gajera ce, ƴar tsurut, amma in ta yi dariya a bakin rijiya har a gonaki ana jin ta. Ba ta yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, kitso ta iya. Mace za ta zauna gabanta da hantsi, kafin a gama kai ta ji labarin gari kaf, da wanda ya faru da wanda Raƙiya ta ƙara wa gishiri. Shi ya sa ake ce mata Rediyo.

Jibrilla ta aura, da son ranta. Ba su daɗe ba ya bi sawun samarin Adar zuwa Abijan neman na kai, ya bar ta da ƙaramin ciki. Da cikin ya tsufa aka mai da ita gidan iyayenta, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari.

Mata biyu ne a gidan. Inna Balki ita ta haife ta, kuma Raƙiya ce ɗiyarta ta fari, don haka kunya ce tsakaninsu. Ba ta faɗin sunanta, ba ta haɗa ido da ita. In za ta ba ta fura sai ta ajiye ƙwaryar, ta kau da kai ta ce, "Ga hura nan, in da mai sha." Ta biyun ita ce Kaka Kadidiya, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin, abokiyar wasan Raƙiya tun tana rarrafe.

"Ke Rediyo," in ji Kaka wata rana tana ɓarar wake, "ran da naƙuda ta kama ki har Tawa za a ji ki. Mu a zamaninmu ko tari ba mu yi."

"Tsohuwa, ke da ba ki da haƙoran cizon zane, mi kika sani?"

"Ni dai na ce a gaya wa maƙwabta su tanadi auduga."

"Wallahi sai dai ki ji kukan jinjiri. Nawa ba za ki ji ba."

Suka yi ta dariya. Amma maganar ta zauna wa Raƙiya a rai, ta tarar da wata da ta riga ta zauna. Da ta je awo a Barmu, ungozomar likita ta dube ta sama da ƙasa ta ce ƙugunta ƙarami ne, in ciwo ya fara kada ta tsaya gida. Raƙiya ta san inda zancen ya dosa. Aiki ke nan, a feɗe ciki a ciro ɗa. Ta kuma san abin da mata ke faɗi a bakin turmi game da wadda aka yi wa aiki a haihuwar fari: wai ba ta iya ba. Ba ta gaya wa kowa abin da aka ce mata ba.

Ciwon ya fara lokacin girbin hatsi, ranar da Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, za ta kwana biyu. Raƙiya na tsakiyar kitso ta ji bayanta ya ɗaure. Ta danne, ta ci gaba.

"Yau Rediyo ba batir ne?" in ji mai kan.

"Na sai da shi na sayi goro," ta ce, gumi na bin wuyanta.

Aka wuni, aka kwana. Washegari ruwa ya fashe mata, ta naɗe zanen ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce a ranta, bari dai Kaka ta dawo, ta tarar da ni ina riƙe da ɗa, in ga bakin faɗa.

Inna Balki ba makauniya ba ce. Ta ga furar da ba a taɓa ba. Ta ga yarinyar ta rungume ƙafar rumbu ta daɗe ba ta saki ba. Ta kai ta kawo a tsakar gida, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, sannan ta ce wa bango, "Wanda ba shi da lahiya dai shi hwaɗi." Inna ma hanya take kallo, ko Kaka za ta ɓullo.

Wajen azahar Raƙiya ta lura da abin da ya fi ciwon tsoratar da ita. Ɗan da ke shurinta dare da rana ya yi lakwas. Ta kwanta a tabarma ta danna gefen cikin da yatsa.

"Kai, motsa mana," ta ce a hankali. "Kar ka yi mini haka."

Shiru. Ta sake dannawa, ta sha ruwan randa mai sanyi, ta juya ɗaya gefen. Can ta ji wani ɗan motsi kamar na kifi a ƙasan tabki, daga nan bai ƙara ba. Ta buɗe baki za ta yi kira, sai ta rasa wa za ta kira.

Labule ya ɗaga. Inna Balki ta shigo ta durƙusa, ta ɗora tafinta a kan cikin ɗiyarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da hantsi."

"Innalillahi." Ta miƙe da gudu, ba ko mayafi, tana kiran mai gidanta, Malam Alƙasum, daga masussuka.

A amalanken jaki aka kai ta Barmu. Ungozomar ta duba, ta kara abin saurare a cikin. Sannan ta ce kan ɗan ya ƙi sauka, zuciyarsa na bugawa amma ta gaji, sai babban asibitin Tawa. Tana kiran motar marasa lafiya ta juyo ta tambayi Inna sunan mai cikin. Inna ta sunkuyar da kai.

"Raƙiya," in ji Raƙiya daga kan gadon. "Madam, kar ki wahal da ita, ko a lahira ba za ta hwaɗa ba."

Hanyar Tawa ba ta taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji kamar za a raba ta biyu, amma hannunta na kan cikin, tana jiran motsi. Malam Alƙasum ya samu Jibrilla a waya, ya kara mata a kunne.

"Raƙiya, kina jina? A yi duk abin da likita ya ce."

"In sunka yanka ni, kar ka bari a ce ban iya ba."

"Wa za shi ce? Ke dai ki tashi lahiya, don Allah."

A Tawa motar ta kutsa tsakanin ƴan kabu-kabu tana kuka. Aka tura ta kan gado mai taya, fitilun rufi na wucewa. Ta kama rigar likitan.

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Amma mu yi sauri."

Aka yi mata allura a gadon baya, ƙafafunta suka mutu, aka tare mata gani da koren ƙyalle. Tana jin ƙarar ƙarafa, tana jin ana jan cikinta ba zafi. Sai aka yi tsit. Ta ga an wuce da wani abu a tawul zuwa kusurwa, mutum biyu sun duƙa a kansa. Ba wanda ya dube ta. Ta yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ta cin abinci ce.

Sai ga ɗan kuka, siriri kamar na ɗan akuya sabon haihuwa.

"Mace ce," aka ce mata. Aka kawo ta kusa da kumatunta, Raƙiya ta shaƙi ƙanshinta, ta yi dariya, hawaye na shiga kunnenta.

Mahaifar ce ta gaji da doguwar naƙuda, ta ƙi tsukewa. Jini ya ɓalle. Likitoci sun yi iya yinsu. Mahaifinta ya ba da jininsa, wani ɗan kabu-kabu da bai san ta ba shi ma ya miƙa hannu. Da hantsin washegari Allah ya karɓi abarsa. A Tawa aka yi mata sutura, don Jibrilla ya ce kada a ƙara wahal da ita a wannan hanya.

Da yamma Inna Balki ta shiga motar Barmu da jinjirar a cinya, wadda daga baya aka raɗa wa Nasiratu. Wata mata da ke kusa ta leƙa cikin zanen ta ce, "Masha Allah, barka! Ina uwar?"

Inna ta gyara wa jinjirar hula, ta kare mata rana da gefen mayafi.

"Ta tsaya Tawa," ta ce.