Luguden Inna a Akwatin Yaya Ilu

Duk wanda ya san Yaya Ilu ya san zare wayoyin nan nasa. Mutum ne zai wuni tun hantsi yana soka waya a wannan rami, ya zaro ya soka a wancan, ya murɗa nan ya murɗa can, har akwatin ya fara fidda sautin da za ka ajiye abin hannunka ka saurara. Da an kira la'asar kuwa sai ya sa hannu biyu ya zare su kakaf, ya tafi alwala.

"Yaya, aikin wuni guda fa!"

"An ji, ai ya isa, Auta."

Auta yake ce mini har na yi jikoki.

Tun da ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi wannan ciwo ya kama shi. Sunan abin wai sintisaiza, ni dai akwatin wayoyi nake cewa. Ba dunƙule yake zuwa ba, gunduwa-gunduwa ne, kowace da aikinta, kai za ka jera ka haɗa su. Ɗansa Nura da ke aiki a waje ne yake aiko masa. Duk ya raɗa musu suna: mai fidda sauti Zabiya, mai tacewa Rariya, mai ba su taki kuma Uwargida.

Ranar da ya fara kunnawa, Sale mai gyaran janareta ya faɗo gidan ko sallama babu, da sifana a hannu.

"Malam, kashe shi kafin ya ƙone!"

"Kiɗa ne, Sale."

Sale ya tsaya ya ƙara saurarawa. Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya."

Sai maganar wuri. Kafinta ya yi masa akwati mai gurbi-gurbi, ya ce daga wannan ya gama. Ina! Sabuwar gunduwa na isowa wuri ya ƙare. Matarsa Balaraba ta dawo biki daga Zango ta tarar da kwanukanta jere a kan tabarma.

"Malam, ina kwabata?"

"Tana nan, ƙarin girma aka yi mata."

Igiyar shanya ma ba ta tsira ba. Nan ya rataye wayoyin, dogaye gabas, gajeru yamma, jajaye ba sa cuɗanya da baƙaƙe. Mai wanki ya nemi katanga.

Lokacin na shiga makarantar manya, hannuna na ƙaiƙayin rubutu, ko bangon kicin ban ƙyale ba. Na ce ya kawo in rubuta masa wace waya ta shiga ina, ya huta. Ya ce in fara iya rubuta sunana. Na ce nawa na iya, nasa ma na iya, har da "taurin kai" a gaba. Ɗaukar sautin a wayar salula ma bai yarda ba. Wai abin da aka ɗauka gawa ne, kullum kwanciya ɗaya.

Ashe duk wannan hidima abu ɗaya yake nema. Luguden Inna, mahaifiyarmu, irin wanda take yi da mata a tsakar gidanmu na ƙauye can wajen Sandamu, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ya ce inji ya kashe lugude, jikokinmu ba su taɓa ji ba, kuma da mun mutu shi ke nan. Ya yi ta gwadawa, abin na fita kamar ana buga ƙusa.

Rannan ya aro turmi ya ajiye mini.

"Auta, daka in ji."

"Ni? Da gwiwar nan? Ga inji a bakin layi!"

"Inji ba ya tafi."

Na daka. Ya ce sake. Na ja Balaraba muka haɗu. Ya ce sake. Ya rufe ido yana murɗe-murɗe, mu muna haki. Abin da ya gano shi ne mu ba ma sauka daidai, ɗaya kan ɗan makara, akwatinsa kuwa bai san makara ba. Ya wuni yana koya wa Uwargida makara. Garin da muka tara, sai da yara suka riƙa gudu in sun ga kunu.

Da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, wani hantsi ya aiko in zo. Ya rame, yana zaune gaban akwatin. Ya kunna. Tim, tim, ga tafi, ga taɓarya ta biyu tana ɗan makara, kuma kowane zagaye da yadda yake faɗowa. Wallahi sai da na waiga ƙofa. Don kada ya ga idona na hau shi da faɗan bai sha magani ba.

Muna nan har aka kira la'asar. Ya miƙa hannu, na cafke.

"Ka taɓa wayar nan, ni da kai ne!"

"Sakar ni, Auta, ƙara murya zan yi. Wannan a bar shi."

Bai sake zare waya ba har ya rasu.

Da aka zo rabon gado, na ga 'ya'yansa da kwali, wai za a kwance a shirya. Na zauna a bakin ƙofa. Na ce na san ba ni da ko allura a nan, amma wanda rabonsa ne ya ɗauke shi yadda yake, da kwaba da teburi. A rabon Nura ya faɗo. Ƙarti suka ɗauko kamar majinyaci, ina biye ina yi musu tsawa har gidansa na nan gari. Sale ya leƙo ya ce, "Ashe jikin ne har yanzu?"

Ran Juma'a nakan kwashi jikoki mu je. Idan batirin sola ya yi sanyi sai sautin ya riƙa dusashewa, yara su ce Inna ta gaji.

Allah ya jiƙanka Yaya. Ya haɗa ka da Inna a inuwa mai sanyi, ka ji luguden na gaskiya, kada a kira ka ka tashi.