Mai Kifin Ƙofar Silima

Jamilatu ta yi shekara goma sha ɗaya tana suyar kifi a ƙofar silimar Yelwa, tun Yauri na ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙawa ciki ba. Matan kirki ba sa shiga a lokacin. Amma silimar ba ta da rufi, kaskonta kuma yana jingine da katanga, don haka duk abin da aka haska sai ya faɗo a kunnenta. Da wannan kaskon ta ciyar da marayu huɗu.

Ba ta jin Indiyanci, balle yaren 'yan China. 'Yan kallo take saurare. In fim ya kama su, sai ka ji tsit, har tari mutum yake haɗiyewa. In bai kama su ba, ɗaya bayan ɗaya za su riƙa sulalowa waje sayen tarwaɗa. Sababbin finafinai kuwa sun sa ta ciniki ƙwarai. Ta yarda sautinsu ya fi na da fita, masu fitowa kuma suna yaba kala da iya faɗa. To amma daga naushi sai harbi, sai a fasa waƙa babu dalili, an gama ba ka san wa ya haifi wa ba.

Ranar kasuwa masunta kan zo daga Warra da Shanga, su tsaya gabanta su tambaya ko fim ɗin yau ya isa mutum ya bar jirginsa a bakin ruwa. Ita kuma bakinta ba ya ajiye magana. In shirme ne sai ta ce shirme ne, su juya abinsu.

Alhaji Modibbo, mai silimar, da fasta yake zaɓen fim: wadda ta fi yawan bindigogi ita ce tasa. Da ya ji wadda ke korar masa mutane, ya zo da kansa ya ce kafin Juma'a ta kwashe kaskonta. Hankalinta ya tashi matuƙa, don ba ta da wani wurin. Amma haƙurin da ya zaci za ta ba shi bai samu ba.

“Alhaji, ba ni ka korar maka mutane ba, zaɓenka na,” in ji ta. “Akwai wanda kac ce a maida shi Kano. Haska shi. In mutum biyar sunka hito sayen kihi kahin hutu, ni da kaina ni ka tashi.”

Fim ɗin da take nufi fastarsa wata tsohuwa ce kawai da buhu a ka. Tamada, mai haska fim, ya gwada shi da rana don duba ko faifan ya tsinke, ita kuma tana gyaran kifi ta ji shi. Waƙa uku ce kacal a ciki, faɗa ɗaya, kuka ma sau ɗaya aka yi, bayan dogon shiru. A wurin kukan nan wuƙa ta tsaya a hannunta.

Alhaji ya yarda, don dai ya rabu da ita cikin sauƙi. Ranar Alhamis bayan isha'i aka sa fim. Jamilatu ta cika tire da kifin ƙarfasa mai zafi, ta zauna tana kallon ƙofa. Da farko samari suka yi ta ihu daga ciki suna neman a nuna faɗa. Wani ya leƙo ƙofa, ya shaƙi ƙamshi, ya koma da sauri. Daga nan wuri ya yi tsit. Kifi ya huce, mai ya daskare a kasko, har aka yi hutu ba ta sayar da ko wutsiya ba. Tun da take sana'a ba ta taɓa murnar kwantai ba sai ran nan.

Kwana tara aka yi ana haska tsohuwa mai buhu, har da masu zuwa daga Birnin Yauri a keke. Maganar Juma'a kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Da motar Kano ta kawo sababbin finafinai biyu, Alhaji ya zo bakin kasko riƙe da fastoci, ya yi gyaran murya, ya ce wanne ta gani.

Ba ta ko ɗago kai ba. “Aje takardunga, Alhaji. Ce ma Tamada shi sa su da la'asar, shi ƙara murya.”

Alhaji ya naɗe fastocinsa ya tafi kiran Tamada.