Motar da Baba Yake Tambaya

Baba bai taɓa yarda da guguwa ba. Muna yara, da ta taso daga bakin fili tana juya ledoji da karan dawa, sai ka ji muryarsa daga zaure yana kora mu cikin gida, wai ba a san wanda ke tafe a cikinta ba. Direban babbar mota ne fa, ya kwana a dazuzzukan da mutane ke tsoron ratsawa da rana, amma guguwar da ba ta fi tsayin katanga ba sai ta sa shi a'uziyya. Inna kuwa dariya take yi masa, ta ce jarumin hanya ya gamu da gamonsa.

Bayan rasuwar Inna sai Baba ya yi shiru. Mutumin da in ya fara labarin hanyar Maiduguri sai shayinsa ya huce an sake ɗumamawa, ya koma ba ya haɗa kalma biyar. Yayana, wanda ke aiki a wani kantin magani a Birmingham, ya kawo shi da sunan a duba masa ido, ya sauke shi a ɗakin sama na gidansu a Erdington. Can ya samu kujera a jikin taga ya zauna. Ni ina Manchester, muna haya a Longsight, ina karatu a Salford. Kullum da yamma sai na kira shi.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya."

"Ya sanyi?"

"Da godiya."

Shi ke nan an gama. Wata rana ma wayar ta yi ta ringing har ta katse. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoro nake ji. Gani nake shirun nan zai tafi da shi a hankali muna kallo.

Maigidana a lokacin yana digiri na uku, bincikensa a kan ƙurar da ke taruwa a farantan sola. Mutumin kirki ne, sai dai in ka yi kuskuren tambayarsa ya aiki, za ka san ƙura tana da dangi. Gaban Baba kuwa ba ya iya komai. Wata Asabar muka hau jirgin ƙasa muka je gaisuwa, ya durƙusa a kan kafet, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi mutanen gida har da waɗanda ba a sani ba. Matar Yaya ta ajiye shayi ta tsere kicin. Ina ganin gumi a wuyan maigidana duk da sanyin garin. Can sai na ji ya ce:

"Baba, akwai wata mota a duniyar Mars da ta daina magana."

Na harare shi harara mai kyau. Mun zo gaida dattijon da ke cikin takaici, shi kuma ya ɗauko mana labarin sama jannati. Amma sai Baba ya ɗauke ido daga taga.

"Mota?"

Maigidana ya samu hanya. Ya ce 'yar ƙarama ce, ba ta kai a-daidaita-sahu ba, ƙafarta shida, masana suka tura ta tana yawo tana duba duwatsu tana aiko da hotuna. Da hasken rana take aiki. An yi zaton 'yan watanni za ta yi ƙura ta rufe mata faranti ta mutu, sai ga shi ta yi shekara da shekaru.

"Wa ke tuƙa ta?"

"Daga nan duniya ake ba ta command, wato umarni, Baba."

"Yaron mota fa?"

"Babu."

"To wa ke goge mata gilashi?"

"Iska, Baba. Guguwa ce ke bi ta kanta ta share mata ƙurar."

Ya miƙa masa waya da hannu biyu. Hoto ne mai motsi, fari da baƙi: fili fetal, ba itace ba gida, ga guguwa dogaye suna ratsawa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya janye wayar daga fuskarsa ya yi a'uziyya. "Can ma sun je," ya ce. Sannan ya ce a sake kunna masa.

Maigidana ya ƙara da cewa yanzu wata ƙura mai yawa ta lulluɓe motar, batirinta ya mutu. Kullum ana kiranta, ba ta amsawa. Jira ake yi ko iska za ta zo ta share ta, rana ta taɓa ta, ta farka. Baba ya girgiza kai ya ce duk iliminsu ba wanda ya tuna ya saka mata tsumma. Daga kicin na ji matar Yaya ta fashe da dariya, ni kuwa ƙwalla ce ta cika min ido, don rabon da in ji Baba ya yi ba'a tun Inna tana da rai.

Washegari ina cikin bas a Stockport Road wayata ta yi ƙara. Baba ne ya kira da kansa.

"Auta, guguwar ta zo?"

Suruki ba ya kiran suruki hira, don haka ni na zama 'yar aike. Ni da ban san inda Mars yake ba ko a littafi, na koma kullum ina tsare maigidana a ƙofa kafin ya cire takalmi, ya ba ni labarin da zan kai. Ya ji daɗin wannan zamani ƙwarai, don bai taɓa samun mai sauraro a gidansa ba.

Labarin dai bai canja ba, ana kira ba ta amsawa. Amma Baba ba ya tsayawa a nan. Daga motar Mars sai ya gangaro kan tasa, ranar da ta lalace masa a daji ba waya ba gari kusa. Daga nan ya faɗa labarin yadda Inna ta riƙa zuwa tasha tana tambayar duk direban da ya shigo, da ya dawo kuma ta ce ita ko a jikinta. Ya fara sauka ƙasa cin abinci. Ya fara bin Yaya zuwa high street, titin shagunan unguwar, yana duba tayoyin motocin mutane yana yanke musu hukunci. Matar Yaya ta rantse ta ji shi bayan sallar la'asar yana roƙon Allah Ya turo guguwa, mutumin da ya hana mu ko kallonta.

Ana cikin tsananin sanyi maigidana ya dawo daga jami'a fuska a yamutse. Masu motar sun sanar cewa sun haƙura, sun daina kira.

Na kira Yaya. "Don't tell him," ya ce. "Kar ki faɗa masa, ba a waya ba dai. Kin san yadda ake yi." Na sani. A gidanmu ba a faɗa wa babba mummunan labari ta waya, zuwa ake yi a zauna, a fara da cewa jiki ya yi tsanani. Sai muka tsinci kanmu, manya da mu da digirorinmu, muna shirya yadda za a kai ta'aziyyar ƙarfe. Kafin Asabar ta zo, duk yamma Baba ya tambaya sai in ce ana nan ana jira. Aka yanke cewa wanda ya kawo motar gidan shi zai fitar da ita.

Na sayi dabino a kasuwar Longsight muka tafi. Maigidana ya durƙusa a wurinsa na da, Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, matarsa ta leƙo.

"Baba, ka san komai da lokacinsa," maigidana ya fara. "Motar nan, to, jikin nata ya ɗan yi tsanani."

Baba ya ɗauki dabino ya ɓare, ya cire ƙwallon, ya bar shi yana ta kewaye-kewaye har ya fara in-ina. Sannan ya ce:

"Sun daina kiranta. Na ji a rediyon Hausa tun ranar. Ka tashi ka zauna a kujera, Malam, ba 'yar'uwata ba ce."

Yaya ya yi waje yana dariya. Ni haushi ne ya kama ni, na tuna kwanakin da na yi ina yi masa ƙarya.

"Haba Baba! To me ya sa kullum kake tambayata?"

Ya mai da ido kan taga.

"In na ce na sani, me zan tambaye ki gobe?"

Maigidana, Allah Ya ba shi lada, ya yi ƙoƙarin ceto mu, ya ce ai akwai wata motar a can da ke aiki har yanzu. Baba ya tambaya ko ita ma guguwa take jira. Ya ce a'a, ita ba da rana take aiki ba. Baba ya ce to wannan ba ta buƙatar addu'arsa.

Na matsa kusa da kujerarsa na zauna a ƙasa. Na ce, "Ka tambaye ni ko na ci abinci, Baba. Tun da Inna ta tafi ba wanda ya tambaye ni." Sai ya turo min kwanon dabinon.

Washegari da yamma ina wanke-wanke, ina ta kallon wayar a kan kanta, na rasa ko in kira ko in jira. Sai ta yi ƙara. Na ɗauka da kumfa a hannuna.

"Auta, kin ci abinci?"

Na ce tukuna.

"Haka uwarki take," ya ce, "sai kowa ya ƙoshi sannan ta tuna tana da ciki." Na ji ya gyara zama, na kashe famfo.