Dariyar da Na Yi wa Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Ranuna a Madina, maƙwabciyarmu Balarabiya ta gayyace mu shan gahawa washegarin ƙaramar salla. Na tafi tare da mahaifiyata. Ita da girmanta ta zo Madina daga Nijar, Larabcinta na kasuwa ne, takan mayar da namiji mace, mace namiji. Ni kuwa nan aka haife ni, ina ji da kaina wai 'yar gari.

Ana cikin miƙa dabino aka kunna wani tsohon fim na barkwanci, irin wanda ake sa wa iyali duk salla. Akwai 'yar aiki a ciki. Ba ma baƙar mace suka nemo ba, farar mace suka shafe da baƙin fenti, suka ƙara mata leɓe. Ko suna ba ta da shi. Aikinta ta buɗe baki ta kwaɓa Larabci, uwar gida ta make ta da takalmi, falo ya ɗauki dariya.

Sai ƙanwar maƙwabciyar ta nuna talabijin, ta dubi mahaifiyata, wadda suke kira khala, wato inna, ta ce, "Wallahi ya khala, sak maganarki."

Aka sake fashewa. Ni ma na yi dariya, har da rufe baki. So nake su ga ni wayayya ce, ba na ɗaukar wasa da zafi.

Mahaifiyata ba ta kalle su ba, ni ta kalla. Ta ajiye kofinta ta ce da Hausa, "Tashi mu je, la'asar ta yi."

A hanya na fara kame-kame. "Inna, fim ne fa."

Ta ce, "Na sani. Waccan ta ciki biyanta aka yi. Ke me aka ba ki?"

Daga ranar ta daina Larabci. A bagala, shagon unguwa da ta saba ciniki da zolaya, sai dai ta nuna kaya da yatsa. Asibiti ba ta zuwa sai da ni.

Bayan sati biyu na kasa jurewa, na koma gidan. Maƙwabciyar ta ce, "Ma'alesh, ba komai ba ne, tun muna yara muke kallonsa, ba wanda ya taɓa cewa komai."

Na ce, "Wa kuka taɓa tambaya? Mahaifiyata, da ta yi kwana uku tana jinyarki da kika haihu?"

Ƙanwar ta taɓe baki. "Ku Takaruna komai abin fushi ne." Haka suke kiranmu, mu baƙaƙen da asalinmu Afirka.

Na fito na koma gida. Daga baya maƙwabciyar ta zo ita kaɗai ta ba da haƙuri. Mahaifiyata ta karɓe ta da mutunci, ta zuba mata shayi, amma da Hausa ta amsa, ni na fassara.

Har yau ana sa waɗannan finafinan, kuma har yau in ka yi magana sai a ce zamaninsu ne haka. A zamanin ma akwai baƙaƙen mata masu suna da 'ya'ya da hankali, masu fim ne suka zaɓi fenti. Wannan yana ƙona mini rai. Amma wanda ya fi ci mini rai nawa laifin ne. Mahaifiyata ta yafe mini tuntuni, ni ce na kasa. Shekara ashirin tana fama ta koyi harshen mutane, muka ƙwace mata shi a yammaci ɗaya, kuma da ni a ciki.