Telar da Ke Gardama da Littattafai

Sai da ta haura shekara arba'in sannan ta koyi karatu, a ajin manya. Tela ce, shagonta ɗaki ɗaya, keke biyu, da kwandon ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. Mutanen layin suna kiranta Ba-Haka-Ba, domin da wuya ka kai ƙarshen magana ba ta tare ka da wannan kalma ba.

Ba ta son ƙagaggun labarai. Ta ce ƙaryar masu kawo ɗinki ta ishe ta. Abin da take arowa a ɗakin karatu na unguwa shi ne tarihi, lafiyar jiki, da littattafan da ke koya wa mutum zaman duniya. Tana bin layi da yatsa, fensir saƙale a ɗankwali. Wani littafi ya ce a ƙirga goma kafin a mayar da magana. Ta gwada a kan ƙanwar mijinta, ta rubuta a gefen shafin: "Goma ba ta isa ba."

Shekarar da mijinta ya rasu bayan doguwar jinya, ta aro wani mai kauri. A babi na uku marubucin ya ce mai hankali ba ya baƙin ciki a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta danna fensir har ya kusa huda takardar: "Kai ka taɓa jinyar mutum wata bakwai, sannan ka naɗe shimfiɗarsa?"

Ranar da ta mayar, mai kula da ɗakin karatun ya buɗe ya gani.

"Mama, wannan rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Wanda ya rubuta littafin nan farfesa ne fa."

"To, ni tela ce. In na ɗinka riga ta matse mutum, dawowa yake ya faɗa mini a gaban kowa. Shi wa zai faɗa masa?"

Ya turo mata magogi. "Ki goge, ko in karɓe katinki."

Ta kwance bakin zane, ta ciro katin, ta ajiye masa. "Littafin naku ne, goge da hannunka. Ni ban canja ra'ayi ba."

Babban ɗanta, malamin makaranta, ya same ta a shago ransa a ɓace. "Umma, kin sa ana ta yi da mu."

Ba ta tsayar da keken ba. "Rubutu a kayan mutane, wannan na yi laifi, na yarda. Amma kukan babanka ba wanda zai hana ni, ko da digiri goma." Ta ciji zare. "Gobe ka aro mini shi da katinka."

"Wannan ɗin dai?"

"Ban gama ba. Ba a yanke wa mutum hukunci daga babi na uku."

Sati biyar ta yi kafin ta kai ƙarshe, tana amsa wa marubucin a littafin awon kwastomomi, tsakanin kafaɗa da ƙugu. A babi na tara ta tarar da shi ma ya rasa 'yarsa. Ranar ba ta rubuta komai ba. Ta rufe shago da wuri.

Ba ta sake taka ɗakin karatun ba. Yanzu tsofaffin littattafai take saye a bakin titi, nata na kanta, kuma ta koma rubutu da biro.