Yaƙin Oddvar da Bushiyoyin Teku

Oddvar Myrvang kuku ne a jirgin fito na tsibirin Senja tun yana saurayi har ya yi furfura. Da bakinsa yake cewa duk arewacin Norway shi kaɗai ne ya ci arzikin teku bai taɓa jiƙa ƙafa ba.

Yana yaro, gaɓar gidansu daji ce a ƙarƙashin ruwa, ciyawar teku dogaye sun fi mutum tsawo, ƙananan kifaye na ɓuya a ciki. Sai bushiyoyin teku suka yi yawa, 'yan dunƙule-dunƙulen nan masu ƙaya, suka bi ciyawar suka cinye har gindi, suka bar duwatsu ƙwal kamar sanƙon Oddvar. Kifi ya yi ƙaura.

Da ya ajiye aiki sai ya ji matasan garin suna nutso da guduma suna farfasa bushiyoyin don ciyawa ta samu ta tsiro. Ya je ya sayo rigar roba ta masu nutso. Matarsa Borghild ce ta taya shi cusa tumbi a ciki, tana haki.

"Kai da ko a baho sai ka riƙe gefe, ina za ka?"

"Yaƙi, uwargida."

"To Allah ya ba bushiya haƙuri."

Nutson bai yiwu ba. Rigar ta ƙi barinsa ya nitse, ya yi ta yawo a saman ruwa kamar gora, ɗuwawu a sama. Sai ya ɗaure gudumar a bakin doguwar sanda, yana tsayawa inda ruwa ya kai masa ƙugu yana duka. Ranar farko bushiyar da ya fara kashewa da tafin ƙafarsa ya kashe ta. Borghild ta yini tana cire masa ƙaya da hantsaki, yana ihu yana cewa ai bushiyar ta fi jin jiki.

Amma mutumin akwai naci. Bazara biyu yana abu ɗaya a gaban rumfar kwalekwalensa, har maƙwabcinsa Halvdan ya sa masa suna Janar. A ta uku ciyawa ta dawo, ta yi kauri, kifi ya biyo ta. Oddvar ya rinƙa tare mutane a kanti yana ba su labari ko ba su tambaya ba.

Ran nan ya ɗauki Borghild a kwalekwale don ta ga dajinsa da idonta. Suna tsakiya ciyawar ta naɗe farfelar injin tam, injin ya yi tari ya mutu. Sandunan tuƙi kuwa ya baro su a gida. Suka zauna iska na kaɗa su, har Halvdan ya hango su ya zo da igiya.

"Janar, talakawanka ne suka yi maka juyin mulki?"

"Ja mu kawai, ɗan nema. Na raini ciyawa ta kama ni, wa zan kai wa ƙara?"

Borghild ta sunkuya a bakin kwalekwalen. Ta leƙa ruwan tana kallon wani garken ƙananan kifaye suna ratsa ganye, ta ce wa Halvdan ya ja a hankali, kada ya kore su.

Da hunturu igiyar ruwa ta kwaso ciyawar ta jibge musu a ƙofar gida tana wari. Oddvar ne ya kwashe ta a baro zuwa gonar dankalin matarsa don taki, yana toshe hanci, yana gaya wa masu wucewa cewa an ƙara masa girma.