Gafakar Baba a Shagon Kwamfuta

Shekarar da idon mahaifina ya yi rauni, noma bai gagare shi ba, ko da lalube yana bambance gero da ciyawa. Karatu ne ya gagare shi. Yana da wani littafin fiƙihu da malaminsa ya kwafa masa da hannu tun yana saurayi, takardu ne ba ɗinki cikin gafaka, rubutun ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Bayan la'asar sai ya zauna a zaure ya kai takarda dab da hancinsa, ya jima, ya mayar. Tabarau biyu muka saya masa, ba su yi ba.

Wata malama da muke koyarwa tare a firamaren garinmu ta ce mini ƙanwarta tana da shagon kwamfuta a Gezawa, kuma tana iya ƙara wa rubutu girma. Na roƙi Baba ya ba ni gafakar in kai. Ya ce inda gafaka ta je, nan zai je. Dole na goya shi a babur, yana rungume da ita.

Mai shagon ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa sikana, wani faffaɗan akwati mai gilashi da murfi. Da haske ya gilma a ciki, Baba ya ƙara ƙanƙame gafakarsa.

"'Yata, wutar nan ba za ta cinye tawadar ba?"

"Kallo kawai take yi, Baba. Bari mu gwada da tawa."

Ta sa wata takarda tata, ta fitar, ta miƙa masa. Ya shafa, ya sansana, sannan ya kwance igiyar gafakar. Ita kuma sai da ta fita ta yi alwala kafin ta taɓa littafin. Na ga hakan ya kwantar masa da hankali.

Shafin ya fito a fuskar kwamfuta. Ta ce in ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfuta, ya murza ɗan gargaren da ke tsakiya. Ya murza da kakkauran yatsansa, baƙaƙen suka yi ta girma har kowanne ya kai ɗan yatsa. Sai muka ji ya fara karantawa da ƙarfi, mutanen da suka zo buga takardu suka yi tsit.

Can ya tsaya. A gefen wani shafi malaminsa ya rubuta da jar tawada cewa ɗalibin ya tsere roron gyaɗa ranar wannan darasi, sai a maimaita masa. Baba ya manta da rubutun sam. Ya yi dariya har da tari, sannan ya share ido da hannun riga.

Sau uku muka koma kafin aikin ya kammala. Da farko firinta ta fitar da jan wasali toka-toka, ita ce ma ta lura. Ta sake bugawa da mai launi, ta haɗa masa a manyan takardu.

Damina huɗu ya ƙara yana karantar da maƙwabta a zaure kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa tambayar sunanta ba. In za a shafa fatiha sai ya ce, "A sa yarinyar nan ta Gezawa."